Ciwon Bayan 'Ya'yanmu Na Jami'a Da Laifin Da Muke Ƙin Ɗauka

  

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a zaurukanmu na Injamena, kuma mun gaji da jin ta. Da zarar yaro ɗan jami'a ya dafe ƙugu ya ce bayansa na ciwo, sai wani babba ya dube shi a sheƙe ya ce, "Kai da ko buhun gero ba ka taɓa ɗagawa ba, ina ka samo ciwon baya? Bar wa tsofaffi abinsu." Sai majalisa ta kwashe da dariya, yaro ya sunkuyar da kai ya fice. Mun ji wannan magana a bakin 'yan kasuwa, mun ji ta a bakin malamai, kuma tun da ranar wanka ba a ɓoyon cibi, mu kanmu mun taɓa faɗin ta. Yau mun zo mu ce kuskure ce, kuma lafiyar 'ya'yanmu da hankalinsu ne ke biyan kuɗin wannan kuskure.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami wata ƙara ce da aka kawo gaban dattijon da muke yi wa hidimar rubutu. Wani magidanci ya zo da ɗansa, ɗan shekara ta biyu a jami'a. Ƙarar ita ce yaro ya daina fita karatu, yana barci har hantsi, ya rame, abu kaɗan sai ya hau faɗa, kuma mahaifiyarsa ta tsinci ƙwayoyi a aljihun rigarsa. Uban ya zo ne domin a yi wa yaro faɗa a gaban manya. Dattijo ya sallami jama'a, ya bar uba da ɗa da mu masu riƙe da littafi, sannan ya tambayi yaron a natse. Ashe fiye da shekara guda ke nan bayansa na damun sa. Sau uku yana gaya wa mahaifinsa, sau uku ana ce masa lalaci ne. Da jarrabawa ta matso ya kasa zama a kan benci, sai wani abokinsa ya kai shi wurin mai tallar magani, aka ba shi tiramol. Ya fara da ƙwaya ɗaya da safe. Daga baya ɗaya ta daina isar sa. Dattijo ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya juya ga uban ya ce, "To Alhaji, ƙarar wa za mu rubuta, tasa ko taka?" Ranar mun rufe littafi ba mu rubuta komai ba.

Wanda ke cewa ɗalibi ba ya aikin wahala, muna roƙon sa ya bi ɗalibi yini guda. Jami'ar Injamena, wadda aka kafa a 1971 da sunan Jami'ar Chadi, a warwatse take cikin gari: akwai reshen Farsha, akwai na Ardeb-Jumal, akwai na Gardole, sannan ga sabon mazauni na Tukra can kudu da gari, a gunduma ta 9, inda sai an ƙetare kogin Shari ta gadar Shaguwa. Yaron da gidansu ke arewacin gari yakan bar gida bayan asuba domin ya riski motar ɗalibai. In ya dace ya shiga, a tsaye zai tafi, cikin cunkoso, jaka a kafaɗa ɗaya, jiki a karkace. In bai dace ba, sai ya hau kilando, wato babur ɗin haya da 'yan Nijeriya ke ce wa acaɓa, kowane rami a hanya kuma a ƙugunsa zai sauka. Ya isa amfi, babban zauren lacca, ya samu gefen benci in da rabo, ya duƙa yana kwafar abin da malami ke shifta sa'o'i a jere. A watan Afrilu zafin garin nan yakan haura digiri 40. Ba lalle ne ya karya kumallo ba, ba lalle ne ya samu ruwan kirki ya sha ba. Da yamma ya maimaita tafiyar da ya yi da safe. Da dare, in babu wuta, ya kwanta a tabarma ya lanƙwashe wuya yana bitar darasi a fuskar waya. Gobe haka, jibi haka, kuma karatun lisans da aka yanka wa shekara 3 yakan miƙe ya wuce haka saboda yajin aiki. A shekarar 2022 da ruwa ya ci Waliya da kewayen Tukra, tafiyar ma kanta sai da ta zama jihadi.

Mun san hujjar da za a kawo mana, domin mu ma da ita muka tashi. Za a ce, "Mu da muka yi karatun allo a kan buzu, a ƙasa, ba kujera ba tebur, mun ji wa ya yi kukan ciwon baya?" Wannan hujja tana da daɗin faɗi, amma ba ta tsaya da ƙafarta ba. Mu tuna yadda yinin almajiri yake. Yana karatu yana rangaji gaba da baya. Ya tashi ya wanke allo, ya shanya, ya dama tawada, ya je ɗebo ruwa, ya je itace domin wutar karatun dare, ya je gonar malam da damina. Bai taɓa zama wuri guda sa'a huɗu ba tare da ya motsa ba. Abin da ya tsare bayanmu shi ne motsin da ke tsakanin zama da zama, kuma shi ne abin da tsarin amfi ya cire. Sannan mu ji tsoron Allah mu faɗi gaskiya: malamanmu sun yi ciwon baya. Nawa ne a cikinmu suka yi wa malam tausa bayan isha'i, ko suka taka masa baya da ƙafa bisa umarninsa? Nawa ne suka rako shi wurin wanzami a yi masa ƙaho? Ciwon yana nan tun da, suna kawai muka sauya masa, muka ce sanyi ne, ko gajiyar karatu. Bambancin shi ne malam in ya ce bayansa na ciwo almajirai goma ne za su taso, ɗalibin yau kuwa in ya faɗa dariya ake yi masa.

Su ma masana lafiya ba su goyi bayan 'yan dariya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2020 mutane kimanin miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a duniya, ana kuma hasashen adadin zai kai miliyan 843 nan da 2050, kuma babu lalurar da ta fi shi hana mutane gudanar da harkokinsu. Yana kama yaro, yana kama babba. Gadon bayan ɗan Adam ƙasusuwa 33 ne a jere, 5 daga cikinsu a ƙugu suke, su ne ke ɗauke da nauyin gangar jiki. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai faifan guringuntsi mai aikin matashi, wanda jini ba ya ratsa cikinsa sosai, abincinsa yana shiga ne ta hanyar matsawa da sakewa yayin da mutum ke motsi. Tsokar da ke riƙe da wannan gini ita ma tana gajiya ta sandare in aka bar ta a hali guda na tsawon lokaci. A wajen kashi 90 cikin 100 na masu ciwon, likita ba ya samun wata cuta takamaimai da zai nuna da yatsa, kuma a nan ne mutanenmu ke ruɗewa su ce, "Ka ga, an duba ba a ga komai ba, ƙarya yake yi." Rashin ganin karaya a hoto bai kore ciwo ba, kamar yadda rashin ganin rauni a kai bai kore ciwon kai ba. An kuma tabbatar cewa damuwa da ƙarancin barci suna ƙara zafin ciwon, suna kuma sa ya daɗe. Yaron da ke tunanin kuɗin mota, da jarrabawa, da shekarar karatun da ba ta da ranar ƙarewa, da aikin da ba shi da tabbacin samu bayan ya gama, bayansa na ɗauke da kayan da ba a gani da ido.

Babban abin da ke ƙona mana rai shi ne inda dariyarmu ke tura yaran nan. Yaron da aka kunyata a gida ba zai koma ya sake faɗa ba. Zai nufi wurin da ba a yi masa dariya, wato wurin dokta shuku, masu tallar magani a faranti da kwali a bakin kasuwa da gefen titi, maganin da rana ke dukan sa tun safe har yamma. A can ba a tambayar takardar likita, ba a tambayar shekaru. Za a ba shi dikilofenak ko ibufurofen ya yi ta haɗiya a kan yunwa, alhali waɗannan magunguna in an yawaita su suna jawo gyambon ciki, suna kuma taɓa ƙoda, balle a jikin da zafin rana ya riga ya ƙafar da ruwansa. In waɗannan suka gaza, sai a miƙo tiramol. Tiramol dangin ofiyom ne. A asibiti akan ba da mai miligiram 50 ko 100 bisa lissafi, amma wanda ke yawo a kasuwannin bayan fage na yankinmu yakan kai 200 ko 225. Jiki yana sabawa da shi ya nemi ƙari, in an daina ya hana barci ya kawo rawar jiki da ƙunci, in an yawaita ya jefa mutum cikin farfaɗiya. Muna taruwa a masallaci muna tsine wa shaye-shaye, muna cewa tarbiyya ta lalace, amma ba mu tambayar ta wace ƙofa yaro ya shiga. Wasu sun shiga ne ta ƙofar abokan banza, ba mu musa ba. Wasu kuwa ta ƙofar ciwon da muka ƙi saurara suka shiga, kuma mu ne muka tura ƙyauren.

Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan. Ɗan kaso kaɗan na masu ciwon baya, ciwon nasu alama ce ta wata cuta mai neman gaggawa. Tarin fuka yana iya kama ƙashin baya ya cinye shi a hankali har ya kai ga ƙusumbi ko shanyewar ƙafafu, kuma tarin fuka bai ƙare a ƙasar nan ba. Mai sikila yakan ji ciwon a baya. Ciwon ƙoda da tsakuwar ƙoda sukan fito ta kwiɓi da ƙugu. Saboda haka duk uban da ɗansa ya haɗa ciwon baya da zazzaɓi, ko rama, ko zufar dare, ko ciwon da ke tashe shi daga barci, ko jini a fitsari, ko ƙafa ta fara sanyi tana ja, ko fitsari da bayan gida suka fara kufce masa, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa daga babur, to ya bar duk abin da yake yi ya kai shi asibiti. Uban da ya rufe bakin ɗansa da kalmar lalaci ya toshe hanyar da waɗannan alamu za su iso kunnensa.

Ba mu kuma yarda da ɗaya ɓangaren ba, wato masu cin kasuwa da tsoro. Su ne masu ce wa yaro bayansa ya lalace har abada, su sayar masa da ɗamarar ƙugu mai tsada, su jera masa allurai, su ce ya kwanta wata guda kada ya motsa. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta kan ciwon baya mai daɗewa wanda ba wata cuta ce ta haifar da shi ba, kuma a ciki ta hana dogaro da ɗamarar ƙugu, da jan gadon baya da na'ura, da magungunan dangin ofiyom irin su tiramol. Abin da ta ƙarfafa shi ne a fahimtar da mai ciwo halin da yake ciki, da motsa jiki bisa tsari, da gashi da tausa a hannun masana, da kula da damuwar zuciya. Doguwar kwanciya tana ƙara ciwon ne. Mafi yawan ciwon baya yana sauƙi cikin 'yan makonni in mutum ya ci gaba da motsi daidai ƙarfinsa. Kun ga ke nan maganin ba mai tsada ba ne, abin da ya fi ƙaranci shi ne babban da zai zauna ya saurara.

Masu fakewa da addini su ce haƙuri ake yi, muna tuna musu abin da muka karanta tare a gaban malamai. Sahabi Imrana ɗan Husaini ya kai kukan rashin lafiyarsa ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka ba shi izinin yin salla a zaune in ya kasa tsayuwa, a kishingiɗe in ya kasa zama. Ba a ce masa raki yake yi ba. Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi ya ɗora wa kansa azumin kullum da tsayuwar dare duka, aka umarce shi ya sassauta domin jikinsa yana da hakki a kansa. Duk wanda ya karanta Ahalari ko Risala ya wuce ta babin sallar marar lafiya. In shari'a ta karɓi uzurin jiki a cikin salla, wadda ita ce ginshiƙin addini, da wace hujja mu za mu ƙi karɓar sa a kan bencin makaranta? Haƙuri na gaskiya yana tafiya tare da neman magani. Abin da muke kira haƙuri a nan sau da yawa rowar kuɗin asibiti ce muka sa wa rawani.

'Ya'yanmu mata kuwa nasu ya ninka. Ɗaliba takan tashi kafin kowa ta ɗebo ruwa, ta yi shara a duƙe, ta ɗora tukunya, sannan ta bi hanyar da ɗan'uwanta ya bi, ta dawo ta tarar da wanki da girkin dare na jiran ta, alhali shi yana hutawa a ƙofar gida. In ta ce bayanta na ciwo, sai a ce al'ada ce, ko a ce aure take so. Da wannan baki namu muke alfahari a taron suna cewa 'yarmu na jami'a. Gidan da ya yarda 'yarsa ta yi karatu, wajibi ne ya rage mata aikin gida gwargwadon nauyin karatun, in ba haka ba izinin da aka ba ta na fatar baki ne.

Hukuma ma tana da nata kason, kuma ba za mu yi mata kara ba. A 2016, bayan faɗuwar farashin man fetur, gwamnatin marigayi Idris Debi ta ɗauki matakan tsuke bakin aljihu guda 16, cikinsu har da soke burs, wato ɗan tallafin wata-wata da mafi yawan ɗaliban jami'o'in gwamnati ke karɓa. An ce za a mayar da hankali ga hidimomin ɗalibai, irin su sufuri da abinci da lafiya, waɗanda hukumar CNOU ke kula da su. Tun daga lokacin ƙungiyar ɗalibai ta UNET ba ta daina kuka kan ƙarancin motoci ba. Wanda ya gina jami'a a bayan gari, shi ke da alhakin hanyar zuwa da wurin kwana. Muna neman isassun motoci, da ɗakunan kwana kusa da wurin karatu, da ruwan sha a kowane reshe, da ɗakin shan magani mai ma'aikaci a ciki. Muna kuma roƙon malaman jami'a, na Injamena da na Jami'ar Sarki Faisal da sauransu, abin da ba ya cin ko sisi: su riƙa ba ɗalibai minti biyar su miƙe tsaye bayan kowace sa'a.

Ku kuma 'ya'yanmu, kada ku ɗauka mun wanke ku tas. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wayar da kuke duƙawa a kanta har tsakar dare ba duka karatu ba ne, mun sani kun sani. Ku tashi ku taka, ku buga ƙwallo da yamma, ku raba nauyin jaka a kafaɗu biyu, ku sha ruwa, ku yi barci a kan lokaci, ku yi ruku'u da sujada da natsuwa maimakon saƙar kaza. Kowace irin ƙwaya aboki ya miƙo muku ba tare da takardar likita ba, ku mayar masa. Wanda kuma ya riga ya faɗa, ya sani fita na yiwuwa, amma a hannun likita ake rage ta a hankali, ba a ɓoye a ɗaki ba.

Sauran magana tamu ce, mu iyaye da masu unguwanni da limamai da attajirai. Kakanninmu sun zauna garin nan tun ana ce masa Fort-Lamy, kafin a sauya masa suna a 1973, da yawansu a kan hanyar Makka suka yada zango, kuma abin da aka san su da shi shi ne saukar baƙo: mai ɗaki ya ba da ɗaki, mai hatsi ya ba da hatsi. Jikokin waɗannan mutane ba za su kasa kama hayar gida ɗaya ko biyu kusa da Tukra domin 'ya'yansu ba. Ba za su kasa kafa asusun da zai biya wa ɗalibi kuɗin ganin likita ba, alhali muna tara abin da ya fi haka a bikin aure guda. Limamai su ware huɗuba ɗaya a shekara kan hakkin jiki da haɗarin maganin bakin titi. 'Ya'yanmu da suka zama likitoci da ma'aikatan jinya su ba unguwa yini ɗaya a wata. Kafin duk wannan kuma, akwai abin da kowane uba zai iya yi a daren yau ba tare da ya kashe ko dala ba: ya kira ɗansa ko 'yarsa, ya tambayi lafiyar jikinsu, ya yi shiru har su gama magana.

Yaron nan da aka kawo ƙararsa yana hannun likita yanzu, mahaifinsa ne da kansa ke raka shi. Shekarar karatu guda ta riga ta salwanta, kuma dariyar zaure ce ta ci ta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya shirya mana zuriya, Ya yafe mana abin da harsunanmu suka jawo. Wanda ya karanta ya isar wa wanda bai karanta ba.